Ustaz Haruna na Hajj Yusuf ya rasu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kan layin burodi da safen nan 'yarsa Nafisa ta kira ni. "Yaya Salma, Baba ya rasu." Abin da ta iya faɗa ke nan.

Wallahi na gaji da rubuta irin wannan post ɗin.

Ga wanda bai san shi ba, Ustaz Haruna malamin tarihi ne a makarantarmu ta unguwar Hajj Yusuf. Ya koyar da ni, daga baya muka koyar tare. Marubuci ne kuma, iri biyu yake rubutawa: tarihin rayuwar kakanninmu da suka taso daga yamma a ƙafa za su Makka, suka maƙale a gonakin audugar Jazira, sai labaran kisa da bincike da yake sa su faru a lungunan kasuwar Omdurman. Da Larabci yake bugawa, amma da Hausa yake tattaro maganar daga bakin tsofaffi, da 'yar rikodarsa ta kaset.

Labarina na farko a cikin raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya karanta shi, muna ta tsalle a ramukan hanya. Ya miƙo min ya ce, "Mai kisan nan naki ya fi ɗan sandanki hankali. Ki barshi haka, ya fi kama da gaskiya."

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, shi ya riƙa shiga azuzuwana. Bai taɓa faɗa min ba, a bakin ɗalibai na ji.

Na taɓa tambayarsa wanne ya fi wuya a cikin rubutun nasa iri biyu.

"Tarihi mana," ya ce. "A labarin kisa gawar tawa ce, mai laifin ma nawa ne. A tarihi kuwa mamacin yana da jikoki."

Ya san abin da yake faɗa. Wasu 'yan garin Jabal Awliya sun taɓa zuwa har gida a fusace, don ya rubuta cewa kakansu ya bar matarsa a hanya ya wuce. Bai goge layin ba. Ya je ya zauna da su, ya ci kifinsu, ya ji nasu bayanin, ya sa shi a bugu na gaba kusa da nasa.

Sai yaƙi ya zo, kowa ya watse. Da ya dawo ya tarar an kwashe gidan tas, har kaset ɗin. Muryoyin tsofaffin da duk sun riga mu gidan gaskiya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Omdurman ce, wajen wata mai shayi a gindin bishiya. Ya rame ƙwarai, ciwon suga, magani yau akwai gobe babu. Na tambaye shi sabon labarin binciken da ya fara.

"Na bari, 'yata. Shekara da shekaru ina sa mutane su damu da gawa ɗaya littafi guda. Ranar da muka gudu na wuce gawa a titinmu, ban tsaya na ga ko waye ba. Me kuma zan rubuta?"

Na ce to tarihin fa?

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Shi wannan dole ne, ko mun gaji. Ki fara da maƙwabtanku, tun kina tuna sunayensu."

Ƙafafunsa a kumbure, amma sai da ya raka ni har bakin titi, ya tsaya na hau mota. Ma'alesh, wato a yi haƙuri, kawai yake ta cewa, kamar shi ya jawo mana duk abin nan.

Bayan Azahar za a kai shi.

Allah Ya jiƙanka Ustaz, Ya yafe maka, Ya hutar da kai hutun da ba ka samu a nan ba. Allah Ya ba Nafisa da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha. Ku haɗa da wancan na titin, wanda ba mu san sunansa ba.