Yabon da Don Evelio Ya Hana Ni

Na taɓa yi wa Don Evelio tas a gaban masu naɗin taba sama da ɗari, a masana'antarmu da ke garin Pinar del Río. Shi ne mai ɗanɗano: ya kunna, ya zuƙa, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Shekara ashirin bakinsa bai san yabon kowa ba sai Nereida, wadda teburinta ke jikin nawa.

Na ce, "Ganye ɗaya, wuƙa iri ɗaya! Zuma take shafa wa nata ne?"

Ya ce, "Casilda, ke da fushi kike naɗi. Kafin mutum ya jawo hayaƙin naki sai ya yi gumi."

Aka kwashe da dariya. Ban manta ba.

Bai yi aure ba, bai tara komai ba sai hanci da harshe. Da tsufa ya cinye masa ido, ni ce mai kai masa taba duk Lahadi, in ce saƙon Nereida ne. Ya murza a kunne, ya shinshina, ya ce, "Kin ji hannu! Ki koya, Casilda." Ni kuwa ina kishin matar da na ɓoye masa mutuwarta.

Lahadin ƙarshe yana kwance, ya ce in gode wa Nereida. Na sunkuya saitin kunnensa.

"Nereida ta rasu shekara shida ke nan, tsohon banza. Duk tabar da ka yaba tun daga lokacin, hannun nan ne ya naɗa ta. Yanzu faɗi sunana in ji."