Giya irin ta babur

A shekarun da mai ya yi wuya, ƙanena ya sami ciniki a citta, ya sayi wata jar mota ta gwanjo daga Kwatano. Injinta ya fi ƙarfin hanyoyinmu. Kafin damina ta ƙare giyabos ɗinta ya fara kuka, sai ya zo har gona a Nok ya ce in raka shi Kafanchan mu zaɓo wani. Ni babur kawai na iya hawa.

Ƙanena yana da wani hali irin na direbobinmu na lokacin. Da ya hau kan gangara sai ya sa motar a firi, wato ya cire ta daga giya, ya kashe inji, ta riƙa gangarawa da kanta don a rage shan mai. Hannunsa ya saba har ba ya tunani. Ni kuwa duk gangara ina riƙe da kujera ina addu'a.

Mai shagon kayan mota Inyamuri ne da aka haifa a gidajen reluwe. Ya jawo mana giyabos biyu a kan buhu. Ɗaya irin na kowa ne. Ɗayan daga motar tsere aka ciro shi, sandar giyarsa gaba da baya kawai take zuwa.

"Oga, wannan ba na yara ba ne," ya ce wa ƙanena. "Ka ja, ta hau. Ka tura, ta sauka. Ɗaya bayan ɗaya, kamar babur ɗin yayanka."

Na tambaye shi ina firi yake.

"Can ƙasa, bayan giya ta ɗaya. Sai ka bi su duka kafin ka same shi."

Na san abin da babur yake yi idan ka sauke masa giya yana cikin gudu. Na ja ƙanena gefe na ce mu ɗauki na kowa, domin hannunsa zai nemi firi a gangara.

"Yaya, kai ko keke aka ba ka sai ka tambayi inda asibiti yake," ya ce. Mai shagon ya yi dariya har da dukan cinya. Ƙanena ya nuna na tseren.

Bakanike ya ɗauki kusan mako yana yanka yana walda kafin abin ya zauna. Duk kwanakin nan tuwo bai yi mini daɗi ba. Na yi tunanin gaya wa Mama, na fasa saboda hawan jininta. Na je wajen fasto, na tarar yana shanya masara, na ji kunya na gaishe shi kawai na dawo.

Ran Lahadi bayan sujada ƙanena ya ce in shigo mu gwada motar a hanyar Samaru Kataf. Ban so ba, amma na ga gara ina ciki da in zauna a gida ina jiran labari. Motar tana tafiya kamar an kore ta, kowace giya tana shiga da ƙara, kau, kamar an buga ƙarfe. Yana murna, yana ba ni labarin farashin citta, muka hau kan wata doguwar gangara.

Na ga hannunsa ya tafi neman firi. Ya tura sandar, inji ya yi ruri. Bai ji firi ba, ya ƙara turawa, ya ƙara. Tayoyin baya suka yi ihu, bayan motar ya juyo yana neman gabanta. Na ga sama, na ga bishiyar ɗorawa, na ga wata mata da itace a kafaɗa ta watsar tana gudu. "Yesu!" shi kaɗai na iya cewa. Muka tsaya a cikin gonar dawar wani, kara ya rufe gilashi.

Ƙafar ƙanena tana kan birki, bai ɗauke ta ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "gobe mu koma a cire shi. A sa na kowa."

Abin da na roƙa ke nan tun a shago. Amma na dubi gangarar da ta rage a gabanmu, har zuwa gadar da ke ƙasa, na tuna yadda yake saukar irinta da inji a kashe, yana waƙar coci. Da na kowa, kafin wata ya mutu zai koma halinsa. Da wannan kuwa, hannunsa ya ji tsoron sandar.

"Bar shi," na ce.

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Muka fita muka ba mai gonar haƙuri, samari suka turo mu kan hanya. Ya sauka sauran gangarar a giya ta biyu, hannayensa duka a kan sitiyari, inji yana shan man da yake so. Ni ban saki kujerar ba har gida.