Ramukan Nyevu

A zamanin kakanninmu mashigin tekun Shakani cike yake da mikoko, bishiyoyin nan masu tsayuwa kan saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Jiragen fatake suka yi shekaru suna kwasar azara, masu gawayi suka ƙarasa sauran. Lokacin da na fara koyarwa a garin, ba abin da ya rage sai taɓo da kututture. Kifi ya yi ƙaura, zalɓe ya bi shi. Ƙaguwa ma ta zama labari, in ban da a kwandon Nyevu.

Nyevu 'yar Thoya, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da ƙugiyar ƙarfe guda. Duk sa'ad da ruwa ya janye sai ta nufi Hannun Hagu, wani reshen mashigin da ke bayan tudun yashi, inda ba mai zuwa saboda aljanu. Na taɓa bin diddigin wanda ya fara ganin aljanun. Duk wanda na tambaya, a bakin Nyevu ya ji.

A al'adarmu mai kamun ƙaguwa ba ya nuna raminsa ko ga uwarsa. Tsinke yake kafawa a bakin ramin don ya gane shi gobe, ya kama bakinsa.

Ana nan sai wani kamfanin gishiri ya nemi a ba shi mashigin. Hukuma ta ce in muka nuna mikoko mai rai cikin shekara guda za a keɓe mana wurin, in ba haka ba a shafe shi. Wata ƙungiya ta zo daga birni da riguna da huluna. Aka kafa kwamiti, Baya Chengo shugaba, ni magatakarda. Muka ja igiya, muka dasa iri dubu goma layi-layi a filin da ke gaban titi, inda hoto ya fi kyau.

Nyevu ta zo wucewa ta tsaya.

"Baya, masara kuke shukawa?"

"Kimiyya ce wannan, tsohuwa. Ki ji da ƙaguwarki."

"To Allah ya sa kimiyyar ta iya ninƙaya. Nan har kan mutum ruwa yake rufewa."

Bayan wata uku abin da ya rayu a filin shi ne igiyar.

Ranar dubawa, jami'in gandun daji, wani matashi mai suna Mutiso, ya iso da farin takalmi. Baya ya yi masa bayani cewa bishiyoyin suna hutawa ne a ƙarƙashin ƙasa. Mutiso ya cire murfin alƙalami zai rubuta cewa babu mikoko. Nan Nyevu ta kutso cikin taron da kwandonta.

"Ɗan nan, in masu gishirin suka zo, har Hannun Hagu za su shafe?"

"Duka, Inna."

Ta kalli kwandon. Shekara ashirin da biyu tana ci da yaranta da sirrin Hannun Hagu. Sai ta ajiye kwandon.

"Cire takalminka ka biyo ni."

Baya ya ce, "Aljanun fa?"

"Na sallame su. Kai dai rufe baki, kada sauro ya shiga."

Gari duka ya bi mu, taɓo har gwiwa. Da muka zaga tudun yashin sai ga daji, kore shar, ya ninka tsayin mutum, a karkace a cunkushe, ba layi ko ɗaya. Zalɓe ya tashi fuu, 'ya'yan kifi na ta wulgawa tsakanin saiwoyi. Mutiso ya ɗaga kai yana kallon rassa. Mutanen gari kuwa ƙasa suke kallo, don kusan kowace bishiya akwai rami a gindinta.

"Inna, wace dabara kika bi?"

"Wace dabara? Ni ba zan ɗauko tsinke tun daga gida ba kamar marar aiki. 'Ya'yan mikoko da ruwa ke kawowa nake tsinta in soka a bakin rami. Inda ƙaguwa ta zauna, nan suke kamawa. Ita ta san taɓon, ba ni ba, balle Baya."

Mutiso ya rubuta shafi huɗu a tsaye cikin laka. Kamfanin gishiri ya nemi wani wurin.

Ramukan sun riga sun tonu, don haka Nyevu ta gindaya sharaɗi: ita ce mai gadin dajin. Ba a ɗaukar mace mai ƙwai, ba a ɗaukar wadda ba ta kai tafin hannu ba, kuma duk wanda ya zaro ƙaguwa sai ya soka iri a wurin. Wanda ya saɓa, bakinta kaɗai ya ishe shi hukunci. Yau dajin ya zagayo har kusa da titi, kifi ya dawo, kwandunan gari sun yi nauyi, nata ya fi na kowa.

Akwai allo a bakin hanya ɗauke da sunan ƙungiyar, da na Baya, da nawa. Babu na Nyevu. Ta ce allon ya yi kyau ƙwarai. A kansa take shanya zanenta.