Mai Agogo da Zaren Gilashi

Har gobe Mai Agogo ake ce wa mahaifina, ko da yake rabonsa da buɗe bayan agogo an haura shekara ashirin. Wayar hannu ce ta kashe masa kasuwa, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Da wani ne sai ya zauna yana tsine wa zamani, amma Baba bin wayar ya yi har gidansu. Kamfanin da ke binne layin intanet a ƙarƙashin ƙasa yana neman masu natsattsen hannu. Sau ɗaya aka gwada shi aka riƙe.

Aikinsa haɗa layi in ya tsinke. Mu a gida mun ɗauka irin ƙullin wayar lantarki ne, a murɗa a naɗe. Ni tela ce, har tsiya nake masa: "Baba, ashe ni da kai duk ɗinki muke yi."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Naki zaren yana yafiya, Uwata."

Ban gane ba sai ranar da masu gyaran titi suka sa katafila suka datse babban layin unguwarmu. Doka ta ce a sanar kafin a haƙa, amma wa ya tsaya tambaya? Kowa ya fito ƙofar gida yana ɗaga waya sama, kai ka ce a gajimare intanet ɗin ta maƙale. Hukumar sadarwa kuma ta ba kamfani zuwa la'asar, ko a gyara ko a ji a jika.

Da hantsi direban motar aikin su Baba ya tsaya a shagona, wai Baba ya ce in kai masa tabarau. Na duba gida kaf ban gani ba. Da na isa bakin ramin, sai ga tabarau a kan hancinsa.

"Shigo ki rufe ƙofa," in ji shi daga cikin motar. "Ki yi magana a hankali, kada ki huro min ƙura."

An jawo bakin layin biyu ta taga zuwa kan ɗan teburinsa. A cikin kowanne akwai zare arba'in da takwas na gilashi, kowanne bai kai gashin kaina kauri ba, kowanne da launin rigarsa. Ya ɗago ɗaya.

"Wannan wane launi ne?"

"Ruwan ƙasa."

"Wannan fa?"

"Ruwan toka mana. Baba, ba ka gani ne?"

Ya ajiye zaren. Sannan ya ce wata shida ke nan yanar ido take taso masa. Siffar abu yana gani, launi ne ke caɓe masa. A ƙananan layuka yana lallaɓawa, ya fita rana ya ƙura ido. Wannan kuwa ya fi ƙarfin lallaɓe. "In na aurar da ruwan ƙasa ga ruwan toka, saƙon asibiti sai ya ɓulla a gidan kallon ƙwallo. Ba wanda ya sani sai ke."

Na ja kujera. Ni ina kiran launi, shi yana aiki.

Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Ya saɓule rigar zaren, ya goge, ya datse bakin, ya kwantar a na'ura daura da ɗan'uwansa, duk numfashinsa a ɗauke. Ƴar wuta ta yi tartsatsi, zare biyu suka zama ɗaya. Na leƙa allon na'urar ina neman mahaɗar, na rasa. A cikin wannan ɗan silin, in ji shi, haske ke gudu ɗauke da muryar dubban mutane. Ni da nake fama da kafar allura har ina cika baki! Shekara ashirin ina zuba wa mutumin nan ruwan wanke hannu, ban san abin da nake wankewa ba.

Ana kiran la'asar wayata ta kama ruri a jaka. A waje aka ɗauki sowa, direba na dukan jikin mota: "Mai Agogo, tsohon hannu!"

Na raɗa masa, "Baba, duk ranar da ta kama ka aiko, zan rufe shago in zo. Ba mai sani."

Ya rufe akwatin na'urar, ya shafa murfin.

"Ni na sani, Uwata. Ba a riƙe amanar jama'a da idon aro."

Ranar Litinin ya mayar wa kamfanin da akwatin da kansa, ya ajiye aikin, ya faɗa musu dalili.

An cike ramin, an sa murfin ƙarfe. Kullum ta nan nake wucewa zuwa shago. Jama'a na bi ta kai suna latsa waya, wani ma zagin intanet ɗin yake wai ba ta sauri. Ni dai kewayewa nake yi, don har yau na kasa taka murfin nan.