Littafin da Ba Shi da Hotuna

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa ne ɗanmu na fari ya aiko mana da takardar gayyata. Ya yi shekara shida a Faransa, ya karanci ilimin noma, ya samu aiki a wani ƙauye kusa da Bordo. Abin da ya gaya mana ke nan: gonar ƴaƴan itace ce, shi ke kula da ƙasa da ruwa. Yana so ni da babansa mu je mu yi sati uku, mu huta, mu ga inda yake zaune.

Maigidana ɗan Bambeye ne, fataucin dabbobi yake yi. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, Faransancinsa bai wuce na gaisawa da jandarma a kan hanya ba, kuma mutum ne da ba ya son taka wurin da bai sani ba. Ranar da na karanta masa takardar ya ce, "Malama, ke ce mai boko. Nemo muna littahin garin nan ki karanta mini, in san inda za ni."

A Tawa ba a samun irin wannan littafi a shago, sai na ƴan makaranta. Na tuna da Madan, wata Kirista ƴar wajen Gaya da muka daɗe muna koyarwa tare. Marigayi mijinta ya taɓa zuwa kwas a Bordo, kuma ita ba ta zubar da takarda. Na hau kabu-kabu da hantsi na tafi gidanta.

Ta yi murna ƙwarai. Ta kawo mini ruwan sanyi, ta shiga ɗaki ta fito da littattafan jagorar matafiya guda uku, tana kakkaɓe su da gefen zanenta. Na farko babba ne mai sheƙi, a bangonsa an ɗauki hoton kofin gilashi cike da jan abu. Na biyu ƙarami ne, na masu yawo da keke, da taswira a kowane shafi. Na uku tsoho ne, takardarsa ta yi ja, rubutu ne zalla ba hoto ko ɗaya.

"Zaɓi wanda kike so, ƙawata. Ko ki kwashe duka," in ji ta.

Na buɗe babban daga baya, inda aka jera sunayen garuruwa, na bi da yatsa har na samu sunan ƙauyen yaron. Shafi huɗu aka ba shi. Na duba na farko, layukan inabi ne har iyakar ganin ido. Na biyu, ganguna jere a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na karanta rubutun a hankali kamar ɗaliba. An ce a ƙauyen nan ba a noman komai sai inabin giya, kuma kusan kowane gida daga ita yake ci. A shafi na huɗu na ga sunan gidan gonar da yaron ke rubutawa a bayan wasiƙunsa, da lokutan da baƙi ke zuwa ɗanɗano.

Na rufe littafin na ɗora hannu a kansa. Madan ta dube ni ta ce, "Ba ki sani ba?"

"Ke kin sani?"

"Duk wanda ya ji sunan yankin nan ya sani. Na ɗauka ya gaya muku."

Na fita tsakar gidanta, na tsaya a inuwar bishiyar dogon yaro na kira ɗan namu a waya. Ya ɗauka da fara'a, ina jin iska da ƙarar wata na'ura a bayansa. Ban ko amsa gaisuwarsa ba.

"Wane ɗan itace kuke nomawa?"

Sai da na sake tambaya.

"Inabi ne, Inna."

"Na ci?"

"A'a." Sai ya shiga magana da sauri. Wallahi bai taɓa kai ta bakinsa ba, ba ya shiga inda ake matsa, aikinsa a fili yake, ƙasa da saiwa da cutar ganye. Ya nemi wani aikin wata takwas bai samu ba. Ya so ya faɗa mana baki da baki, shi ya sa ya gayyace mu. Daga ƙarshe ya ce, "Don Allah kada ki gaya wa Baba yanzu. Bari ya zo ya gani da idonsa."

Na kashe wayar ban ce masa to ba, ban ce a'a ba.

Da na koma ɗaki na daɗe a kan littattafan nan. Babban dai ba ya shiga gidana, hoton bangonsa kaɗai ya isa. Na keken na ɗauka zai yi, har na sa shi a jaka, sai na lura a kan kowace taswira an zana ƴan ƙananan kwalabe a bakin hanya, kuma maigidana ya iya duba taswira fiye da ni. Na fito da shi. Saura tsohon. Shi ma maganar giyar ce daga farko har ƙarshe, amma ni kaɗai ce zan iya jin ta. Sai da na kai ƙofa Madan ta ce, "Ki yi a hankali, mijinki ba yaro ba ne."

Bayan la'asar maigidana ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ya ce in zo. Ya karɓi littafin ya juya shi.

"Wanga ba shi da hoto?"

"Shi aka samu, Alhaji."

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ta fita da sauƙin da ya ba ni tsoro. Na fara karantawa ina mayarwa da Hausa. Na ba shi labarin kogi mai faɗi, da gada, da kasuwar ranar Lahadi, da tsofaffin gine-gine. Duk inda na ga kalmar giya sai in tsallake layi, wani lokacin rabin shafi. Ya tambayi ruwan sama, na gaya masa. Ya tambayi ko suna kiwo, na ce kaɗan. Sai ya ce, "To mi suke nomawa?"

"Ƴaƴan itace."

"Wane iri?"

Na yi kamar ina nema a shafin. Ya miƙo hannu ya danne takardar da yatsa.

"Malama, idonki na tahiya ƙasa, bakinki na tsaye. Shekara talatin ina jin karatunki, ban taɓa ganin haka ba. Mi ke cikin wurin da kike ƙetarewa?"

Ina iya cewa sunayen sarakunansu ne, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma na kasa. Na gaya masa duka, har da littattafai biyun da na baro, har da roƙon da yaron ya yi mini.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Ya naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki. Washegari da sassafe ya bi mota zuwa Takanamat, ya ce zai duba wasu raƙuma. Kwana uku bai kira ba. Yaron kuma yana ta kira ina kallon wayar tana ƙara, don ban san abin da zan ce masa ba. Abinci ma sai in dafa in rufe.

Ran na huɗu ya dawo da azahar. Ya yi wanka, ya ci tuwo, sannan ya ce, "Koma wurin Madan ki karɓo mai hotunan."

Na karɓo. Ya zauna ya bi shafukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan layukan inabin, ya wuce gangunan da sauri. Ya sa na karanta masa komai, ba tsallake. Da na gama ya ce, "Za mu. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce."

Mun je bayan damina. Yaron ya tarbe mu, ya rame, yana ta kallon ƙasa. Kwana biyu uban bai ce masa komai ba sai gaisuwa. Ranar Juma'a ya ce ya kai shi masallaci a cikin birni, su biyu kawai. Sun dawo wajen ƙarfe biyar, idon yaron ja, uban kuma ya nemi shayi. Ba wanda ya gaya mini abin da aka faɗa a motar, ni ma ban tambaya ba.

Har yau yaron yana gonar, ko da yake ya ce yana neman wani wuri. Duk Juma'a uban na kiransa, ya tambayi lafiyarsa, da sanyi, da ko ya samu jam'i. Idan yaron ya fara zancen aiki, sai ya miƙo mini wayar.