Kaset ɗin Baffa a Motar Baba

Makon jiya ruwa ya tsare ni a wani shagon abinci na mamak, wato Indiyawa Musulmi, a unguwar Brickfields ta Kuala Lumpur, ina jiran a ƙunsa mini roti, irin gurasarsu, in wuce gida. Rediyon shagon kullum waƙar Indiya yake yi, amma ran nan ban san abin da ya shiga kansa ba, sai ya saki wani tsohon kiɗan Amurka. Jita ce ta fara, sannan wata murya mai kaushi ta biyo, irin ta mai tallan da ya wuni yana kiran ciniki. Kafin mawaƙin ya kai amshi, hawaye sun wanke mini fuska. Mai shagon ya miƙo mini ƙunshina yana tambaya ko hayaƙin barkono ne, na ce masa e, don in na ce zan ba shi labarin sai ya tashi kasuwa ban gama ba. Kai da kake karantawa kana da lokaci, bari in ba ka. Amma ka sani tun yanzu, a ranar da nake tsaye a shagon nan, rabona da ɗaga wayar ƙanena tun bayan azumi, kuma ba ni da niyyar ɗagawa.

Ban daɗe da shiga firamare ba Baba ya kwaso mu daga Kano zuwa Kuala Lumpur, ya zo karatun digiri na uku. Muka sauka a wani dogon bene a Setapak, can sama, inda ake shanya kaya a kan sanda ta taga, in riga ta suɓuce sai dai ka yi mata addu'a. Lokacin durian, wani ɗan itace da suke ji da shi, lif ɗin gidan ba ya shiguwa don wari, maƙwabta kuwa suka ce daddawar Mama ta fi shi. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Mutum ne mai tsare gida. Talabijin ɗinmu labarai kawai ya sani, kuma wanda ya gan shi ranar Juma'a da hula da carbi ba zai taɓa zaton ya san wani abu wai shi kiɗa ba.

Asirinsa yana cikin mota. Wata tsohuwar mota ce mai cin kaset da ya saya hannun wani ɗalibi, kuma kaset ɗaya tak ke cikinta, takardar jikinsa ta koɗe har ba ta karantuwa. A garin nan ruwa da la'asar yake zuwa. In Baba ya ɗauko mu daga makaranta, hadari ya haɗo, motoci suka cushe a hanyar Wangsa Maju, sai ka ga yatsansa ya tafi a hankali ya tura kaset ɗin. Daga nan zoben azurfarsa ya fara ƙwanƙwasa sitiyari. Ni da ƙanena mu ɓata rai a kujerar baya, muna ƙorafi da Turanci haɗe da Malay, wai kiɗan tsofaffi ne. Shi kuwa ko waiwayowa ba ya yi, sai ya ce, "Ku yi mini Hausa ko ku yi mini shiru."

A cikin cunkoson nan ya ba mu labarin makaɗan, yau kaɗan gobe kaɗan. Samari huɗu ne 'yan unguwa ɗaya, biyu daga ciki wa da ƙane. Tun suna makaranta suke kiɗa tare, suka sha shekaru ba wanda ya san da zamansu, sai rana ɗaya duniya ta juyo ta dube su. Waƙoƙinsu na kogi ne da fadama da jirgin ruwa da ruwan sama, da 'ya'yan talakawa da ake turawa yaƙi na masu kuɗi suna gida. Abin da ke ba Baba dariya shi ne, a birni suka tashi, nesa da fadamar da suke ta yi wa waƙa. Ƙanen ne mai muryar, shi ke tsara waƙa, shi ke ba da umarni, har wan ya ga ba shi da wurin tsayawa ya fita. Ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse, aka koma rigima da shari'a. Wan ya mutu ba su shirya ba. Duk sanda Baba ya zo nan sai ya yi tsaki ya ce, "Ciki ɗaya fa! Kai, Bature."

A bakin Mama na ji asalin kaset ɗin, muna tsince shinkafa. Na Baffa ne, yayan Baba, wanda ni ban iya tuna fuskarsa sosai ba, sai ƙamshin dalma da ke jikin rigarsa. Gyaran rediyo yake yi a wata rumfa kusa da tasha. Shi ya bar makaranta da mahaifinsu ya rasu don Baba ya ci gaba. Ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa, amma da wannan kaset yake gwada duk rediyon da ya gyara, yana kiran makaɗan 'yan garayar Amurka. Baba yana yaro, in ya taso daga makaranta, sai Baffa ya zaunar da shi kan benci ya ce ya fassara masa abin da mai maƙogwaron nan yake faɗa. Ranar da za mu taso, a filin jirgi ya zura wa Baba kaset ɗin a aljihu.

Ka san al'adarmu, wanda yake nesa ba a gaya masa mugun labari kai tsaye, balle in yana tsakiyar wata hidima. Kaka, mahaifiyar su Baba, ta kwanta ciwo daidai lokacin da Baba ke shirin babbar jarrabawarsa ta ƙarshe. Baffa ya tara gida ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa masa. Duk Juma'a Baba ya sayo katin waya ya kira, Baffa ya ce masa tsohuwa tana barci, ko ta tafi gidan suna. Sai da Baba ya ci jarrabawa, muna murna, Mama ta ɗora tukunyar dambu, sannan Baffa ya kira ya ce a yi haƙuri, Allah ya yi mata rasuwa, har an yi sadakar uku. Ina tsaye bakin ƙofar kicin na ji Baba ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba: "Yaya, uwar taka ce kai kaɗai?" Ya kife wayar.

Shi ke nan magana ta yanke. Baffa ya yi ta kira, Baba ya ce a ce ba ya nan. Gaisuwar Sallah ma ta hannun Mama take bi. Baba ya samu aikin koyarwa a nan, muka zauna, na fara girma, amma fushin nan bai tsufa ba. Kaset kuwa bai fasa juyawa ba in ana ruwa. Wata rana Mama tana gaban mota, Baba ya zo daidai wurin tsakinsa na wa da ƙane, sai ta ce, "Malam, kai da kake jin haushin Turawan nan, me ya raba ka da su?" Ya sha kunu har muka kusa gida, sannan ya ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, in mun je hutu zai taka har rumfar. Na yarda da gaske yake nufi. Hutun ne kullum ake ɗagawa, bana aiki, baɗi jarrabawar yara.

Baffa ya faɗi a rumfarsa da safe, rediyon wani a hannunsa, bai sake tashi ba. Safiyar Kano la'asar ɗinmu ce. 'Yan Najeriya suka cika mana falo don ta'aziyya, aka nemi Baba aka rasa, Mama ta ba ni lema ta ce in duba ƙasa. Na same shi cikin motar a inda take fake, gilasai a rufe, ruwa na dukan rufinta, mai maƙogwaron yana ta rera abinsa. Baba kuka yake yi, irin na manya, ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ya buɗe mini ƙofa na zauna kusa da shi. Da kaset ya kai ƙarshe ya ce, "Uwata, na san labarin nan tsaf. Ni nake ba ku shi." Ya zare kaset ɗin ya jefa a aljihun mota, ban sake jin sa ba har muka rabu da motar.

Da Baba ya ajiye aiki suka koma Kano da Mama da ƙanena, ni aure da aiki suka riƙe ni a nan. Azumin da ya wuce ina da tsohon ciki mai wahala, likita ya hana ni ko doguwar tafiya a mota. In na kira gida, ƙanena ya ce Baba yana masallaci, ko ya ɗan kishingiɗa. Ni da na san wannan karatun tun ina yarinya, wallahi ban gane ba. Sai da na haihu lafiya aka yi suna, sannan ya kira yana in-ina, wai Baba ya rasu. Ban san lokacin da na ce masa, "Uban naka ne kai kaɗai?" ba. Mama ta yi ta ba ni baki, ta ce Baba ne da kansa ya sa yaron ya rantse, a gadon asibiti, ya ce kada a ɗaga wa Uwata hankali, laifin a bar masa. To amma wanda ya tafi ba a fushi da shi, sai na sauke wa wanda ya rage. Na ji zafi ƙwarai, har yanzu ina ji. An binne ubana ina nan ina zaɓen kayan jarirai.

Waƙar ta ƙare a shagon mamak, aka koma ta Indiya, ruwa bai tsaya ba. Na duba agogo na ga a Kano hantsi ne. Na ajiye rotin a kan tebur na kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Yaya?" ya ce, ina jin numfashinsa.

Na rasa ta inda zan fara, sai na tambaye shi ko ya ga wani tsohon kaset a kayan Baba. Ya ce yana nan, a aljihun rigar da Baba ya tafi asibiti da ita aka same shi, amma duk unguwar an rasa mai abin da zai kunna shi.

Yanzu waƙoƙin mutanen nan suna cikin kowace waya, na nemo su a daren ranar na kasa saurara. Katin waya ya zama tarihi, kullum sai in ga fuskar Mama a wayar hannuna, ta ga jikarta. Sai ka ɗauka ɓoyon ya ƙare. Kafin mu yi sallama na ce wa ƙanena, ko ciwon kai Mama ta yi, ya faɗa mini. Ya ce, "To, Yaya." Na san ɗan gidanmu, na san ba zai faɗa ba. Ni dai na yi wa kaina alkawari, ranar da ya kira daga baya yana in-ina, zan yi kukana, amma ba zan kife wayar ba.