Ragon da Ya Ci Binciken Farfesa

Kada kowa ya wahalar da kansa neman wawan labarin nan. Ni ne, kuma da sabuwar riga na yi wautar.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, tare muka tashi a Maska. Ni a aji huɗu na elementare na tsaya, don na ga ilimin ya ishe ni haka. Ita ba ta da wannan wadatar zucin. Ta yi ta karatu har ƙasar da ake kwana da safa, ta dawo Farfesa. Duk wahalar nan kuma a kan me? Ganye! Wai yadda ganye yake haɗa hasken rana da iska da ruwa ya dafa wa shuka abinci. A kan haka ta yi furfura. An ce ana karanta rubutunta a ƙasashen da ba su taɓa ganin dawa ba, ɗalibanta kuma sun zama daktoci suna koyar da wasu. Ranar da aka yi hira da ita a rediyo, ɗaga shi sama na yi a majalisa, na sanar da jama'a cewa ni na fara nuna mata ganyen dawa, sauran duk ƙari ne.

Bara da damina sai ga motarta a ƙofar gidana. Gonata ta hanyar Danja take so. Ta ce ganyen ƙasa na kaurarmu, waɗanda ke cikin inuwar na sama, su take son aunawa, ta ga yadda suke kama aiki da zarar rana ta ɗan leƙo su. Kuma sai dawa ta fidda kai ake awon. In lokacin ya wuce, sai wata daminar. Ta bi kunya-kunya tana ɗaura jan zare a ganyen da ta zaɓa.

"Taubashi, ka kula min da su."

"Farfesa, yau kin kawo aiki gun gwani."

Daga ranar ban ƙara zama ba. Kasuwar Funtuwa ta ji, ta Kafur ta ji. Na ba tela ɗinki. Gonar ma na daina ce mata gona, sai jami'a. In mai ɗakina ta tambayi inda za ni, in ce ina da darasi.

Da dawa ta fidda kai, zuwan Farfesa da ɗalibanta ya matso, na shiga zagayen duba jami'ata. Sai na ga abin kunya. Ganyen ƙasa duk sun yi yaushi, ƙasa ta ɓata su. Mu kuwa a nan, irin wannan lokacin ake zage ganyen ƙasa a kai wa dabbobi, gona ta sha iska. Wanda ya bar tasa haka, raggo ake ce masa. Daktoci za su zo daga nesa su ce taubashin Farfesa raggo ne? Na tuɓe riga na zage su tas, kara ya tsaya a jere kamar sojoji. Kuma don a san mai hankali ne ya yi aikin, ban yar da zare ko ɗaya ba. Duk na kwance su na ɗaura a jikin kara. Ganyen na ɗora a kura na kai wa ragon da nake kiwo don layya.

Suka iso da hantsi, mota cike da ɗalibai, har da wata dakta mai tabarau da aka ce daga wata ƙasa ta zo. Suka sauke wani akwati mai igiya, bakinsa kamar na kada, shi ke kama ganye ya faɗi yawan iskar da yake sha. Ni ina gaba cikin shadda, ina yi musu jawabi.

Farfesa ta tsaya a kunyar farko. Ta dubi zare a jikin kara. Ta dubi ni.

"Taubashi, ina ganyena?"

"Na gyara miki wuri. Ga zarenki nan, ƙirga ki gani."

"Ganyen nake tambaya."

"Suna wurin rago."

Daktar nan ta zauna a kan kunya ta riƙe kai. Wani ɗalibi ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Farfesa ta ce a mayar da akwati mota, sai baɗi in Allah ya kai mu, kuma a gonar mai ɗakina.

Na ga girma zai zube gaban baƙi, sai na gyara hula.

"Ni fa na fara nuna miki ganyen nan. Kuma binciken bai ɓata ba, yana cikin rago. Ku sa masa akwatin a kunne."

"Ai da shi zan yi aikin," in ji ta. "Tun ina da baƙin gashi nake faɗa wa duniya abinci a cikin ganye yake. Duk gidanka rago kaɗai ya gane."